Wane ne gwaninka? Tambayar da ta tona mana asiri a zauren masu karatu

Wani dare cikin azumin da ya wuce, bayan an idar da asham, wata baiwar Allah da ke zaune a Abijan ta jefo tambaya a zaurenmu na WhatsApp na masu son karatu. Ta ce kowa ya faɗi marubuta uku da ya fi so, kada ya wuce uku, kada kuma ya cika mu da bayani. Kafin sahur amsoshi sun cika waya. Mu a zauren nan mun haura ɗari: akwai ɗaliban jami'a a Yamai, akwai masu shago a babbar kasuwar Maradi, akwai matan aure a Damagaram da Tawa, ga kuma ƴan ci-rani daga Tamanrasset da Sabha da Legas da Kumasi. Don son sani na ɗauki biro na jera sunayen a bayan wata takarda. Abubakar Imam ne ya fi fitowa. Sai Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Funtuwa, da Nazir Adam Salih, da wasu marubutan intanet waɗanda da laƙabi kawai aka san su. Waɗanda suka yi lise suka kawo Mariama Bâ da Camara Laye da Ahmadou Kourouma. Wani ya ce Victor Hugo, aka ce masa ya rage burga.

Har aka yi kiran assalatu ɗan Nijar ko ɗaya bai shiga jerin ba. Sai da rana ta fito wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ba kasafai yake magana ba, ya rubuta suna ɗaya: Abdoulaye Mamani. Wata yarinya ta tambaye shi ko ɗan Senegal ne.

Ban yi mata dariya ba, domin ni ma cikin ukun da na faɗa babu ɗan ƙasata. Tun ranar abin yake cina.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in ba zauren haƙƙinsa. Wanda bai taso yana son karatu a garuruwanmu ba, ba zai gane kaɗaicin da ke cikin abin ba. Ka zauna a fada ana dafa shayi, ana musun ƙwallo da siyasa, ka fito da littafin da ba na jarrabawa ba, nan take za a fara yi maka kallon wanda boko ya taɓa. Ka gama labarin da ya hana ka barci, ka rasa wanda za ka ce wa kai, ka ga abin da mutumin nan ya yi wa matarsa? Ƴan mata sun fi mu sa'a ta nan, domin su tun da daɗewa suna da hanyarsu: littafin Kano ɗaya, bangonsa ya yage, sai ya zagaye unguwa daga hannu zuwa hannu, ana ɓoye shi cikin hijabi ko ƙarƙashin katifa, a karɓo na ɗaya a wurin mai haya a mayar a karɓo na biyu. Amma ko su, hirarsu ba ta wuce ƙawaye uku ko huɗu.

Wayar hannu ce ta rushe wannan katangar. Yau magini da ke kwana cikin kangon da yake ginawa a Aljeriya, idan ya wanke siminti daga hannunsa da dare, yana da inda zai shiga ya tarar ana gardama a kan ƙarshen wani labari, ya sa baki, a ba shi amsa da Hausar garinsu. Wani daga cikinmu ya taɓa cewa zauren ne fadarsa, tunda can inda yake ba ya iya zama a waje da dare saboda tsoron kame. Matar da aure ya kai ta ƙasar da ba ta jin yarensu, ita ma nan take samun masu kiranta da sunanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai raina shi bai taɓa yin baƙunta mai tsawo ba.

Ba na kuma cikin masu cewa marubutan Kano baƙi ne a wurinmu. Tsakanin Maradi da Katsina tafiyar ƴan sa'o'i ce, kuma iyakar da ke tsakani ba kakanninmu suka shata ta ba. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, da Magana Jari Ce da ya biyo bayansa, gadon duk mai jin Hausa ne, ko a Tasawa yake ko a Zangon Kumasi. Zan ma ƙara da abin da ƴan bokonmu ba sa son ji: littattafan soyayyar nan da ake yi wa kallon banza sun koya wa ƴan Nijar da yawa karatun Hausa fiye da yadda lakwal ta koya musu. Yawancinmu da Faransanci aka fara mana abacada. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, ba su taɓa kai wa ga mafi yawan yara ba. In ka ga ɗan Nijar yana karanta Hausa da sauri, yana bambanta ƙ da k, sau da yawa ba malami ne ya zaunar da shi ba, son ya san yadda In Da So Da Ƙauna zai ƙare ne ya koya masa. Balaraba Ramat ta rubuta zafin kishi da sakin wulaƙanci a Alhaki Kuykuyo Ne ta yadda mace a Madawa za ta rantse gidan maƙwabtanta ake nufi. An fassara littafin zuwa Turanci an buga shi a Indiya a 2012. Wanda ya ce wannan ba adabi ba ne, shi ya san abin da yake nufi da adabi.

Saboda haka matsalata ba da waɗanda aka ambata ba ce. Da waɗanda ba a ambata ba ce, da dalilin da ya sa.

Mu ɗauki mutumin da dattijon nan ya kawo. An haifi Abdoulaye Mamani a Gudumariya a 1932, ya yi gwagwarmaya a jam'iyyar Sawaba, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya kuma ɗanɗani kurkuku bayan dawowarsa. A 1980 ya fitar da Sarraounia, labarin Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa wadda ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ciki har da Birnin Ƙonni, kafin sojojinta su juya wa shugabanninsu biyu baya su kashe su a yankin Tasawa. Kafin littafin, labarin Sarauniya yana bakin tsofaffin yankinta ne. Littafin ne ya fito da ita fili, sai Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau ko yaro ya san sunan Sarauniya. Ana sa wa gidan rediyo da talabijin sunanta, ana ambatonta a jawabai da waƙoƙi duk lokacin da aka tashi maganar ƴancin ƙasa. Mutumin da ya zauna ya rubuta ta kuwa, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1993, ƴar ƙasarsa mai son karatu tana tambaya ko ɗan Senegal ne. Mun ɗauki yarinyar mun manta da uban.

Ba shi kaɗai ba ne. Ɗalibai dubbai suna shiga jami'ar Damagaram mai ɗauke da sunan André Salifou, nawa ne cikinsu suka taɓa buɗe wasan kwaikwayonsa Tanimoune, wanda ya gina a kan Sarkin Damagaram da fadarsa ke cikin garin da suke zaune? Muna kai yara gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai su ga zakuna da ƙasusuwan dabbobin da, amma mutumin da aka sa wa gidan sunansa ya rubuta littattafai masu yawan gaske, kuma Kotia-Nima nasa ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata. Idé Oumarou, wanda ya riƙe sakatariyar ƙungiyar haɗin kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, ya ci irin wannan kyautar a 1978 da Gros plan. Amadou Ousmane ya rubuta 15 ans, ça suffit! a kan yadda manya suka yi wasa da abincin agaji lokacin yunwa, labarin da ko yau aka karanta shi ba za a ce ya tsufa ba. Sunayensu suna kan gine-gine da allunan tituna, littattafansu ba sa cikin wayoyinmu.

Dalilan a fili suke, kuma ba duka ne laifin matasa ba. Waɗannan mutane da Faransanci suka yi rubutu, wasu a Faransa aka buga su, wasu bugun ya ƙare tun kafin a haife mu ba a sake ba. Wanda ka samu a kantin littattafai a Yamai, kuɗinsa ya kai cefanen kwanaki. Wanda kuma aka sa a manhajar makaranta, an koyar da shi ne kamar magani mai ɗaci: ka haddace sunan jarumi da jigon labari don jarrabawa, ka fita ka manta. Ba a son marubuci ta wannan hanyar. Ana son marubuci ne idan wani da ka yarda da shi ya ce maka, don Allah karanta wannan, jiya bai bar ni na yi barci ba. Haka Bilkisu Funtuwa ta shiga gidajenmu, ba da umarnin ministan ilimi ba. Kuma wannan aikin, na wani ya ja hannun wani zuwa ga littafi, shi ne ainihin abin da zaurukanmu suka iya. Shi ya sa nake ganin nauyin ya dawo kanmu.

Akwai wani abu na biyu da tambayar baiwar Allahn nan ta tono, wanda ya fi na farko muni a ganina. Mutane da dama sun kasa kawo suna uku. Wata ta ce ita ta karanta littattafai sun fi ɗari a wayarta amma ba ta riƙe sunan masu su. Wani ya ba da labarin wani littafi tiryan-tiryan, har da sunan ƙanwar jarumar, amma da aka ce wa ya rubuta, sai ya ce haka aka turo masa. Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ke cikin irin waɗannan zauruka ya san yadda abin yake: marubuciya tana zaune a Kano ko Gusau ko Maradi tana buga labari da babban yatsa a waya, shafi bayan shafi, tsakanin girki da renon yara. Ta saki farkon kyauta, ta ce mai son ci gaba ya biya. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa. Kafin mako labarin ya shiga zaure hamsin, an haɗe shi fayil ɗaya, wani lokaci an goge sunanta an sa na wanda ya haɗa, har da lambarsa da roƙon a yi masa addu'a. Wasu kuma su karanta shi da murya su ɗora a YouTube su ci kuɗin talla, mai labarin ba ta sani ba.

Mu ƴan Nijar muna da uzurin da muka daɗe muna fakewa da shi, wai ba mu da asusun bankin Najeriya. Uzurin ya mutu. Marubuta da yawa yanzu suna ajiye lambar Nijar a ƙasan shafi, a tura musu kati ko a aika ta kamfanonin aika kuɗi da muke amfani da su kullum. Abin da suke nema sau da yawa bai wuce dala ɗari ko jikka guda ba, kuɗin da muke ƙonawa a shayi da sukari a zama ɗaya. Ɗan ci-ranin da ke aika wa gida kuɗi duk wata ya fi kowa sanin zafin a ci guminka a hana ka lada. Ban ga yadda zai yi kuka da ubangidan da ya riƙe masa kuɗin aiki da rana, da dare kuma ya zauna ya karanta aikin wata uku na wata baiwar Allah a bagas, har ya tura wa wasu, ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini a zauren. An ce talauci ne, in aka hana turawa kyauta rabin mutane za su daina karatu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ni kaina da littafin aro na fara. Aro daban, sata daban. Littafin takarda da ya zagaye unguwa an saye shi, kuma sunan mai shi na nan a bango, duk wanda ya karanta ya san wa zai nema gobe. Fayil ɗin da aka goge wa suna ya raba marubuci da kuɗinsa, ya kuma raba shi da masu karatunsa, wanda shi ne babban rashi. Wanda ba shi da dala ɗari, aƙalla yana da ikon barin suna a inda yake. Wanda yake da ita kuma ya san kansa.

Ga wani haɗari da ba mu cika tunawa ba. Abin da ke cikin waya ba shi da tabbas. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana ƙwace ta a kan iyaka. Zaure yana watsewa ranar da masu kula da shi suka yi faɗa. Ruwan Bagaja ya kai shekara casa'in saboda an buga shi, an sake bugawa, kuma an san mai shi. Labarin da ba shi da takarda ba shi da suna, ranar da ya ɓace ba wanda zai san ma ta ina zai fara cigiya.

Abubuwan nan biyu, mantuwa da tsofaffin marubutanmu da goge sunan sababbi, a wurina cuta ɗaya ce. Mun saba da cin labari ba tare da tambayar wa ya dafa ba. Kuma lokacin da muke ciki bai dace da wannan sakaci ba. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Kowa na da ra'ayinsa a kan matakin, kuma ƴan uwanmu masu magana da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci suna da tambayoyin da ya kamata a saurara. Amma ko mai goyon baya ya san doka ba ta rubuta littafi. In yaron da ke aji uku yau ya tashi ya iya karanta Hausa, me zai karanta a kan Damagaram da Gobir da Adar da Arewa? Wa zai rubuta masa labarin tashar Agadas, da na matan Kance da ke ratsa sahara da goyo, da na ɗalibin da ya gama jami'a yana tuƙa kabu-kabu? Marubucin Kano ba zai rubuta wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba rayuwarsa ba ce. Namu ne za su rubuta, kuma suna nan. A zaurenmu kaɗai na san mutum uku masu rubutu, biyu mata. Dukansu suna sa labarinsu a Kano ko Abuja, jarumin yana kashe naira, domin sun ce in suka sa Maradi da sefa ba a karantawa. Wannan magana ta fi tambayar yarinyar nan yi mini ciwo. Akwai masu ƙoƙari ta fannin takarda, irin su maɗaba'ar Gashingo a Yamai da ke buga littattafai cikin harsunan ƙasa, akwai kuma aikin da irin su Abdou Mijinguini suka yi na ƙamus, amma maɗaba'a ba ta rayuwa in babu masu saye.

Ba na jiran ma'aikatar al'adu. Abin da na roƙi ƴan zaurenmu ƙarami ne. Duk wanda zai turo labari ya turo shi da sunan mai shi, in babu suna a goge. Littafin kuɗi kada a watsa shi, in mutum goma suna so su biya goma, wanda ke waje ya ɗauki nauyin wanda ke gida in ya ga dama. Sannan kowane wata a ware mako ɗaya na marubucin Nijar, tsoho ko sabo. Wanda ya iya Faransanci ya karanta babi ya ba sauran labarinsa da Hausa ta saƙon murya, kamar yadda ake ba da labarin fim a fada. Fassara cikakkiya a buga, wannan sai da izinin magada da maɗaba'a, kuma aiki ne da ya kamata malaman jami'o'inmu su sa gaba. Amma ba wanda ya hana ka ba abokinka labarin littafin da ka karanta.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mutum shida sun fita a daren da aka kafa dokar hana watsa littafin kuɗi, ɗaya ya bar mana saƙon cewa mun mayar da zaure lakwal. Wata ta ce ita don ta huta take karatu, ba don a tuna mata da Voulet ba, kuma ban ga laifinta ba, makonni uku na wata nata ne.

Mun fara da Sarraounia. Kwafi ɗaya muka samu, na dattijon nan ne, ya ce tun yana koyarwa ya saye shi, takardun sun yi ja. Duk dare bayan isha yana karanta ƴan shafuka, ya naɗo mana murya na minti bakwai ko takwas, da Hausarsa ta Arewa wadda ƴan Damagaram ke tsokana. A dare na huɗu gardama ta tashi a kan sarakunan da suka ƙi taimakon Sarauniya, har sai da mai kula da zaure ya rufe shi na awa ɗaya. Yarinyar da ta yi tambayar Senegal ita ce ta fi kowa zafi. Jiya ta rubuto cewa kakarta ƴar wajen Dogonduci ce, ta kira ta a waya ta tambaye ta labarin Lugu, tsohuwar ta yi shiru sannan ta ce wa ya gaya miki wannan? Ta yi alkawarin naɗo mana abin da kakar za ta faɗa in ta je gida hutu.